Na kama gida haya na maida shi masaukin baƙi, maigidan ya sa mani kwaɗo

Malam, na karanta saƙonka har sau biyu, na kuma duba hoton yarjejeniyar hayar da ka turo, duk da shafi na uku ya fito dishi-dishi kamar da magariba anka ɗauke shi. Bari in maimaita labarin yadda na fahimce shi, in na kauce ka gyara mani, don shawara a kan labarin ɓangare ɗaya kullum rabin shawara ce.

Ka kama gida mai ɗaki uku da falo a wajen Arkilla, hayar shekara biyu, ka biya duka lokaci guda ta hannun dillali. Ka sa tayil, ka gyara silin, ka yi fenti, ka saka esi uku da sola da inbata tunda ka san ba baƙon da zai kwana a Sakkwato watan Afrilu da fanka kaɗai, ka zuba gadaje da kujeru, ka fara tallar gidan a Instagram da WhatsApp kana ba mutane kwana-kwana, abin nan da ake kira shotlet. Ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, masu jinya a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ba su son zaman otal, 'yan kwangila masu zuwa kamfanin siminti na Kalambaina, da 'yan biki. 'Yan bikin nan ne sunka ja maka, tunda ka ce wasu sun kwana suna kiɗa har ƙarfe biyun dare, maƙwabta sunka kai kuka wurin mai unguwa, magana ta kai kunnen Alhaji mai gidan, ya aiko ɗansa ya canza kwaɗon get, ya ce ya ba ka sati biyu ka kwashe kayanka. Kai kuma ka ce ai ka biya kuɗinka don haka gidan naka ne har shekara biyun ta cika, dole ya biya ka abin da ka kashe, kuma gobe ofishin 'yan sanda za ka kai shi.

To a cikin abubuwa ukun nan, na farko ba haka yake ba, na biyu da wuya, na uku kuma ina roƙonka ka bari.

Kuɗin haya ba ya sayen gida ko na kwana ɗaya. Abin da ka saya shi ne damar zama da amfani da gidan bisa sharuɗɗan da kunka sa wa hannu. Da a ce ba takarda ko kaɗan, ko takardar ta yi shiru, da maganarka tana da ɗan ƙarfi, don asalin ƙa'ida ita ce ɗan haya na iya ba wani haya in ba a hana shi ba. Amma taka takardar ba ta yi shiru ba. A shafi na biyu akwai sakin layi biyu da nake zaton ba ka karanta ba ranar da kake sa hannu, kamar yadda akasarin mutane ke yi, ido na kan makulli. Ɗaya ya ce ba za ka ba wani hayar gidan ko wani sashe nasa ba, ko ka miƙa shi hannun wani, sai da izinin mai gida a rubuce. Ɗayan ya ce za a yi amfani da gidan don zaman iyali kawai.

Sakin layi na farkon ana iya jayayya a kansa, kuma da ni ke tsaya maka a kotu zan yi jayayyar. Baƙon da ya zo ya kwana uku, yaronka na shiga yana shara yana canza zanen gado, makullin na hannunka, a idon doka yawanci ba ɗan haya ba ne, mutum ne da ka ba izinin sauka kamar baƙon otal, saboda haka ana iya cewa ba ka ba kowa haya ba. Ana iya cewa, na ce, ban ce alƙali zai karɓa ba. Amma sakin layi na biyun fa? Gidan da ake tallarsa da farashin kwana, ana karɓar kuɗi ta transfa, yau wannan gobe wancan, ban ga yadda za a kira shi zaman iyali ba. Nan ne ƙafarka ta zame, kuma gara ka ji daga bakina da ka ji daga bakin lauyan Alhaji.

Ka ce dillalin ya sani, har ya ce maka "ba komai, Alhaji ba ruwansa". Wannan maganar na ji ta ya fi a ƙirga. Matsalar ita ce Dokar Shaida ta 2011, sashe na 128, ba ta barin a kawo maganar baki a warware abin da ke rubuce, sai a wasu 'yan wurare ƙalilan. Sannan dillalin da aikinsa haɗa mai gida da mai nema ya karɓi la'adarsa, ba lalle ne yana da ikon yafe sharaɗi a madadin mai gida ba. In wakili ne na sosai, shi ke karɓar haya shi ke kula da gidajen Alhaji, to da ɗan bambanci. Ka duba wayarka. In akwai saƙon WhatsApp ko muryar da ya aiko maka yana cewa Alhaji ya amince, ka adana, kar ka goge, kar ka canza waya, sashe na 84 na wannan dokar ya ba da hanyar shigar da irin wannan shaidar. Abin da ya fi wannan amfani shi ne in za ka iya nuna Alhajin da kansa ya san abin da kake yi tun da wuri ya yi shiru, ko ya karɓi wani kuɗi daga hannunka bayan ya sani, don ana iya cewa ya yafe. Sai dai tunda kuɗin shekara biyun tun farko ka biya, kafin baƙon farko ya sauka, wannan ƙofar ƙarama ce ƙwarai.

In kuma kana tunanin kotun shari'ar Musulunci za ta fi maka sauƙi tunda ku duka Musulmi ne, ban hana ka ba, amma kar ka je da tabbaci. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu na nan ke bi, wanda ya kama haya ya mallaki amfanin gidan, yana iya saukar da wani muddin ɓarnar da wancan zai yi wa gidan ba ta fi tasa ba. To iyali ɗaya da baƙi ɗari a shekara ba ɗaya ba ne wajen cin gida, ga sharaɗin da ka sa wa hannu, ga kukan maƙwabta, alƙali kuma ba zai tsallake ƙa'idar ba cuta ba cutarwa ba.

Yanzu mu zo kan Alhaji, don shi ma bai yi daidai ba ko kusa. Ko da ka saɓa sharaɗi goma, ba shi da ikon aiko yaro da kwaɗo. Dokar ƙasar nan ba ta yarda mai gida ya fitar da ɗan haya da hannunsa ba, kuma ba yau anka fara faɗa ba, tun 1986 Kotun Ƙoli ta tsawata wa gwamnatin soja ta Legas kan fitar da Ojukwu, tsohon jagoran Biyafara, da ƙarfi daga gidan Ikoyi alhali magana na gaban kotu. In gwamnan soja bai tsira ba ban ga yadda ɗan Alhaji da kwaɗon kasuwa zai tsira ba. Hanyar sananniya ce, notis a rubuce, sai notis na kwana bakwai cewa zai nemi kotu ta karɓar masa gidansa, sai ƙara, sai hukunci, sai ma'aikatan kotu su zo. Sati biyun da ya faɗa da baki ba notis ba ne. Mutane sun haddace cewa ɗan hayar shekara wata shida ake ba shi, na wata-wata kuma wata ɗaya, haka ne a mafi yawan lokuta in takarda ba ta faɗi wani abu daban ba, amma kai kar ka rataya a kan wata shidan nan, don taka hayar mai ƙayyadadden wa'adi ce, kuma in akwai sharaɗin da ya ba shi damar soke hayar idan ka saɓa, lissafin ya canza. Duk da haka ta kotu zai bi.

Wato kana da ƙarar da za ka iya shigarwa, a buɗe maka gida, a biya ka diyyar kutse da asarar kwanakin da anka rufe. Shi ma ranar da ka shigar zai shigar da tasa a kan saɓa sharaɗi. Ku biyu kuna da laifi, ku biyu za ku biya lauya, a ɗaga yau a ɗaga gobe, kuma hayar da saura wata goma sha bakwai ta ƙare tana iya ƙarewa shari'ar ba ta ƙare ba, gidan a rufe, batiran inbatarka na lalacewa a zafi.

Maganar kuɗin gyara. Abin da ya manne da gini ya zama na mai gini, ƙa'idar ke nan. Tayil, silin, fenti, wayoyin da ka binne a bango, waɗannan ka ɗauka sun tafi, sai in akwai rubutaccen alkawari cewa za a cire maka daga haya ko a biya ka, ban kuma ga wannan a shafukan da na iya karantawa ba. Esi, farantan sola, inbata, batura, gadaje, firji, talabijin, waɗannan naka ne, kana iya cirewa muddin ka gyara ramukan da ka bari, kuma ba shi da ikon riƙe su haka kawai. Ka nemo rasit ɗinsu tun yanzu, wanda ba rasit ka nemo alat ɗin transfa. Ragowar kuɗin hayar da ba ka ci ba kuwa, ban yi maka alkawarin kotu za ta mayar maka ba, ya danganta da lafazin takardar da kuma wanda kotu ta ga shi ya kashe yarjejeniyar, amma a teburin sulhu abu ne da ake samu sosai, musamman tunda kwaɗon nan ya sa shi ma yana da abin tsoro.

'Yan sanda kuwa, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 sashe na 32 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba na laifi ba. In an fasa kayanka ko an ɗauke wani abu ko an yi maka barazana, wannan daban, ka kai rahoto. In ba haka ba abin da za ka samu shi ne ka tozarta dattijo a unguwarsa, ka rufe ƙofar sulhu da hannunka. Kuma ka tuna in bincike ya buɗe kai ma za a tambaye ka, ka yi wa sana'ar rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni? Kana da izinin jiha na gudanar da masauki? Tun 2013 Kotun Ƙoli ta ce harkar lasisin otal da masaukai ta jihohi ce, don haka kar ka ce ai ba otal ba ne ka tsaya nan, ka je ka tambaya a rubuce ko irin naka ya shiga ciki. Kana ajiye littafin baƙi da kwafin katin shaidarsu? A halin tsaron da yankinmu ke ciki, gidan da kowa ke shiga ba a san sunansa ba, ranar da wani abu ya faru kai za a fara nema, ga Hisbah kuma in maƙwabta sunka canza salon ƙorafin.

Ga abin da nake ganin ya fi. Kar ka fasa kwaɗon da dare, ko da kana ganin haƙƙinka ne. Ka ɗauki hotonsa da kwanan wata. Baƙin da sunka riga sunka biya ka na kwanaki masu zuwa ka mayar masu da kuɗinsu yau, don su da kai sunka ƙulla ba da Alhaji ba, kai za su bi. Ka sa lauya ya rubuta wasiƙa guda mai ladabi, ba mai zafi ba, a nemi a buɗe gidan cikin 'yan kwanaki a kuma nemi zama. Sannan ka je wurin mai unguwar nan da maganar ta fara biyowa ta hannunsa, ko limamin masallacin da Alhaji ke salla, ka fara da ba maƙwabta haƙuri kan daren kiɗan, don ina kyautata zaton abin da ya ƙona masa rai ke nan, an kira sunansa a unguwa kan gidan da ya zaci magidanci ya ba.

A zaman ka je da tayi biyu. Ko dai a sake yarjejeniya sabuwa da ta faɗi ƙarara cewa masaukin baƙi ne, ka ƙara masa haya ko ka ba shi kaso, a rubuta ba biki ba kiɗa, ba a saukar da kowa sai da katin shaida, a kuma rubuta makomar gyaran da ka yi. In za ku wuce shekara uku ka gaya wa lauyanka tun farko, don doguwar haya tana da nata tsarin na hatimi da rajista, har da batun amincewar gwamna a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ko kuma in ya ce shi sam ba ya so, wanda haƙƙinsa ne, a ba ka wata biyu ko uku ka nemi wani gida, ka kwashe kayanka, ya mayar maka da ragowar hayar, a kimanta tayil da silin ko rabi ne ya biya tunda shi zai ci moriyarsu, kai kuma ka bar maganar diyyar kwaɗo. Duk abin da kunka cimma a rubuta, ku sa hannu, shaidu biyu su sa, kar a tashi da "mun gama magana" kawai. In ya ƙi zama gaba ɗaya kuma ya ƙi buɗewa, to sai kotu, a nan kuma wasiƙar nan taka ce za ta nuna wa alƙali wanda ya nemi zaman lafiya.

Ka sake turo mani shafi na ukun, ka ɗauke shi da rana ka ɗora a kan tebur. Akwai wani sakin layi a ƙasansa da na ga kamar yana maganar soke haya ne, in shi ne, wasu abubuwan da na faɗa maka a kan notis da ragowar kuɗi sai mun sake zama a kansu.