Kada ka sake wa tsohuwar Stratocaster ɗin nan fenti

Ka ce ka samu gitar lantarki samfurin Fender Stratocaster ta 1963, fentinta ya tsattsage, ya goge a inda hannu ke zama, kana tambaya ko ka kai a sake mata fenti. Malam, kada ka taɓa shi. Fentin zamanin, nitroselulos, haka yake tsufa, ya yi siraran tsage kamar zaren gizo-gizo, kuma masu neman irin wannan gita abin da suke biya wa kuɗi ke nan. Musamman ita, da aka ƙera kafin CBS, kamfanin rediyo da talabijin na Amurka, ya sayi kamfanin Fender a 1965. Sabon fenti yakan zubar da darajarta, wani lokaci har rabi.

Abin da ya kamata ya dame ka shi ne wuya. Gangar jikinta katako ne cur, ba rami, da wuya ya lalace. Ɗaga ta ka hangi wuyan daga kai zuwa ƙasa: in ya murɗe, ko sandar ƙarfen da ke cikinsa ta ƙi juyawa, nan kuɗi za su tafi. Ka kwance kusoshi huɗun nan da suka haɗa wuyan da gangar jiki, a gindin wuyan za ka ga wata da shekarar da aka yi shi. Ka kuma duba dalmar wayoyin maganaɗisu ukun da ke ɗaukar sautin tsirkiyoyi. Na taɓa kai wata wurin mai gyara, ya cire maganaɗisunta na asali ya sa sababbi wai don ta ƙara amo, har yau abin yana min ciwo. In hunturu ya shigo, ka riƙa ajiye ta cikin akwatinta, don bushewar iska tana sa katakon wuya ya tsuke, bakin ƙananan ƙarafunan da aka jera a gicciye a kan wuyan ya fito yana kartar yatsu.