Tambaya da Amsa: Daji Ya Cinye Tsohon Gidanmu

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidanmu na gado a cikin birnin Zariya ginin ƙasa ne, shekara 8 ba kowa a ciki. Ciyawa ta kai ƙugu, darbejiya ta fito a gindin katanga, ga wata cediya ta tsiro a kan soro. Ta ina za mu fara gyara? Mu cinna wa ciyawar wuta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ku sa wuta. Azarar da ke ɗauke da rufin busasshiyar giginya ce, in ta kama sai ta yi ta ci a ɓoye cikin ƙasa, iska kuma ta kai tartsatsi gidan maƙwabta.

Ku jira damina ta ɗauke, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. A tanadi adda, lauje, zarto, diga, manjagara da baro. Kowane ma'aikaci ya sa takalmin roba mai tsawo da safar hannu. A fara buɗe hanya mai faɗin mita ɗaya daga zaure zuwa tsakar gida, ana dukan ciyawa da doguwar sanda kafin a taka. Ba don maciji kaɗai ba: tsohuwar rijiya da ramin masai da murfinsu ya ruɓe sun fi kububuwa saurin halaka mutum. A tambayi dattawan gidan inda suke, a kafa alama. Idan tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba ɗauri, ba tsaga, a wuce asibiti kai tsaye.

Ciyawa da tafasa aikin yini biyu ne. Tumfafiya ce ake kaffa-kaffa da ita, domin ruwanta yana lahanta ido.

Inda ake ɓarna shi ne wurin itatuwan nan biyu. Cediyar tsuntsu ne ko jemage ya kawo irinta, saiwarta kuwa ta riga ta ratsa tubali tana neman danshi. Wanda ya tumɓuke ta da ƙarfi zai fito da ita tare da rabin bangon. A yanke ta da zarto dab da gini, ba da adda ba, domin adda tana girgiza bango. Cikin minti 10 da yankawa, a shafa maganin ciyawa mai sinadarin gilaifoset, rabi magani rabi ruwa, da buroshi a kan kututturen, musamman zagayen da ke ƙarƙashin ɓawo, nan ne itace ke sha. In aka bari wurin ya bushe, an yi asarar maganin. Haka za a yi wa darbejiyar, amma ita a fara sauke rassanta da igiya daga sama, kada gangar itacen ta faɗa wa katanga. Darbejiya ba ta mutuwa da sara kawai: cikin wata guda sai ta yi toho goma.

Bayan mako 6 zuwa 8, in babu sabon toho, a zaro abin da ya zaru na saiwar a hankali. Ramin da ta bari a cike shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai ramno, hawa-hawa, kowane hawa ya sha iska kafin na gaba. Siminti ba ya kama ginin ƙasa, yana ɓamɓarewa ya tara ruwa a bayansa.

Tambaya: To yaya za mu hana dajin dawowa kafin a gama aikin?

Amsa: A kwashe duk yayi da kututture daga gidan gaba ɗaya, domin mataccen itace a gindin bango gayyatar gara ce. A share ganye daga kan soro, a buɗe indararo da rariya. A kankare mita ɗaya kewaye da gini, a daɓe shi ya ɗan gangara waje. Ciyayi irin su ƙirƙiri da aya-aya sai an tono su da saiwarsu. Sabon itace kuwa, a dasa shi aƙalla mita 5 daga bango, sannan wani ya riƙa leƙawa duk mako biyu idan ruwa ya sauka yana cire ƙananan tsiro da hannu.