Murya, tambaya, ko shiru: amsa a kan fim ɗin marina

Jiya muna naɗe wayoyi ka yi mini tambaya, ban amsa ba saboda magariba ta kawo jiki, kuma ba tambayar da ake amsawa a tsaye ba ce. Ka ce kana son yin dokumentari a kan marinan Kofar Mata, amma ka rasa ta inda za ka ɓullo masa: ka sa muryar mai sharhi ta ja labarin, ko ka zaunar da marinan ka yi musu tambayoyi, ko ka kafa kyamara ka yi shiru. Ka kuma ce, in marini ya riga ya tsoma zane kafin ka kunna kyamara, ya halatta ka ce ya sake? To saurara, ɗana.

Muryar mai sharhi ita muka buɗe ido muka tarar. Iyayenmu sun ga majigi: motar gwamnatin Turawa ta shigo gari da dare, a kafa farin ƙyalle a fili, a haska fim a kan tsafta ko noma, wani na fassarawa ta lasifika. William Sellers, jami'in lafiya ne a Najeriya, da irin wannan aikin ya fara, kuma shi aka ba ragamar sashen fina-finan ƙasashen mulkin mallaka da Ingila ta kafa a 1939. A irin wannan fim muryar ce ta san komai, mutanen da ke cikin hoton kuwa ba su da baki. Har gobe shi mafi yawan masu ba mu kwangila suke nema, domin yana da sauri kuma saƙo ba ya ɓata. Ba na raina shi. Akwai abin da kyamara ba ta gani, kamar tarihi ko lissafi, dole wani ya faɗa. Illarsa ita ce yana koya wa mai ɗauka lalaci. Ka rubuta magana a ofis, sannan ka fita neman hoton da za ka liƙa mata. Na taɓa yi wa wata ƙungiya aiki, wata tsohuwa ta yi mana bayanin rijiyar garinsu da bakinta, bayani mai ratsa jiki, muka danne muryarta muka ɗora ta mai sharhi a kai don mu cika minti goma da aka ba mu. Har yau abin yana ci mini rai.

Shirun da kake sha'awa kuwa, kayan aiki ne suka haife shi. Wajen 1960 aka samu ƙananan kyamarori da ake saɓawa a kafaɗa da rikodar da ake ratayawa, sauti da hoto su tafi tare. A shekarar ne Robert Drew da abokansa suka bi John Kennedy yana yawon neman takarar shugaban ƙasa a jihar Wisconsin ta Amurka, suna biye da shi cikin mota da cikin taro ba tare da sun tsayar da shi sun tambaye shi komai ba. Frederick Wiseman ya fi kowa riƙe wannan hanya: ya shiga asibiti ko makaranta ko kotu ya yi makonni, babu sharhi, babu hira, sannan ya shafe watanni yana tacewa. Ka lura da watannin nan. Masu koyo suna ɗauka cewa in ka yi shiru gaskiya ce za ta shigo da kanta. A'a. Wanda ya ɗauki awa ɗari ya fitar da awa biyu ya yi magana, da almakashi ya yi ta. Kuma wannan salo kuɗinsa lokaci ne, sai mutane sun gaji da kallonka sun koma harkarsu. A marina zai yi maka rana a wuri guda: lokacin da zane ya fito daga ruwan baba da ɗan kore-kore, iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonka. Duk wanda ya sa magana a kan wannan ya ɓata shi.

Amma wanda nake so ka sani sosai shi ne Jean Rouch, domin a maƙwabtanmu ya koyi aikinsa. Bafaranshe ne, ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanya, ya ƙare yana fim har ƙarshen ransa. A 2004 ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Konni, a Yamai aka binne shi. Shi bai yarda mai kyamara ya yi kamar ba ya wurin ba. A ganinsa kyamara tana tsokano abin da ba zai fito ba in babu ita, don haka gara ka shiga cikin mutane, su san kana nan, ku yi fim ɗin tare. Oumarou Ganda, wanda daga baya ya zama babban darakta a Nijar, leburanci yake yi a Abijan lokacin da Rouch ya ɗauke shi, sannan ya ba shi makirufo ya ɗora maganarsa a kan hotunan rayuwarsa da kansa.

Akwai labarin Rouch da nake ba duk yaron da ya zauna da ni. Ya yi fim a kan masunta 'yan Sorko da ke farautar dorina a kogin Kwara, wajen Ayoru. Da ya tace, ya sa kiɗa a wurin farautar don ya motsa mai kallo. Sai ya koma garin ya haska musu. Suka ce a cire kiɗan, domin dorina tana ji a cikin ruwa, kiɗa ƙarfin zuciya zai ƙara mata, su a shiru suke farauta. Ya karɓi gyaran. Ka ga, da ya tsaya a Faransa ana tafa masa, da bai taɓa sanin ya yi musu ƙarya ba. Duk da haka bai tsira daga suka ba. Ousmane Sembène, daraktan fim na Senegal, ya faɗa masa ido da ido cewa irin su suna kallon 'yan Afirka kamar ƙwari. Kada ka ce wai kai ɗan gari ne wannan bai shafe ka ba. Ɗan boko da kyamara yana iya yi wa marini kallon da ya fi na baƙo muni.

Sai batun a sake. Wannan rigima ta girme mu duka. Robert Flaherty, a fim ɗinsa na 1922 a kan mutanen ƙanƙara na arewacin Kanada, ya sa aka gina ɗakin ƙanƙara mai ɓangare a buɗe don haske ya ishi kyamara, ya kuma sa tauraron fim ɗin farauta da mashi alhali bindiga ta riga ta shigo musu, bai gaya wa mai kallo ba. Errol Morris kuwa, a 1988, ya sa 'yan wasa suka maimaita kisan wani ɗan sanda a Dallas sau da yawa, kowane gwargwadon bakin wani shaida, ta yadda kowa ya san shiryawa aka yi kuma ya ga shaidun ba su haɗu ba. Shekara ta zagayo aka saki Randall Adams da aka ɗaure a kan kisan. Dukansu sun shirya, ɗaya ya ɓoye, ɗaya ya bayyana. Nawa hukuncin ke nan: in abu ne da marini yake yi sau hamsin a yini, ka ce ya sake, ko mafi kyau ka jira na gaba. Amma kada ka sa shi ya cire agogonsa ko ya ɓoye wayarsa don ya yi kama da mutumin zamanin da. Kada ka sa shi ya sake kuka, ko ya sake faɗa da ɗan'uwansa.

In za ka yi hira, kada ka dasa shi a kujera jikin bango. Bar shi a bakin karofinsa, hannunsa na aiki, bakinsa zai fi sakewa. Guji tambayar da amsarta e ko a'a ce. In ya gama magana kada ka yi saurin jefa wata, ƙirga biyar a zuciyarka, sau da yawa abin da ka zo nema a nan yake fitowa.

Ni dai da ni ne kai, ba zan zaɓi salo daga gida ba. Zan je kwana uku babu kyamara, in gaisa, in zauna, in gane wane ne a cikinsu yake da magana a ciki. Mutum ɗaya ya ishe ka. In maganarsa ta ɗauki labarin, mai sharhi ba shi da aiki. In akwai giɓi, cike da muryarka kai kanka, ka ce ni ne wane, ga abin da ya kawo ni. Ka nemi izinin shugabansu tun farko, ka kuma gaya musu inda za a nuna fim ɗin. Ranar Asabar ka zo ka ɗauki ƙaramar kyamarar da makirufon kwala. In ka yi tacewar farko, kafin ni in gani, ka kai musu a kwamfuta su kalla, ka zauna a gefe ka rubuta duk inda suka ce ba haka ba ne.