Tambayi Likita: Jini a Bayan Gida da Na'urar Leƙa Ciki

Tambaya: Likita, mahaifina ya daɗe da gyambon ciki, yanzu kuma bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ga jiri idan ya miƙe. An ce mu kai shi Kano a zura masa bututu. Tiyata ce? Daga wani manomi a Ringim.

Amsa: Malam, Allah ya ba Baba lafiya, amma kada ku kwana biyu kuna shawara, domin wannan alama ce ta jini da ke zuba a ciki. Ba tiyata ba ce. Bututun, wanda muke kira endoskofi, kaurinsa kamar na ɗan yatsa ne, da fitila da kyamara a bakinsa, kuma ana yin aikin a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Bayan majinyaci ya yi awa 6 zuwa 8 bai ci komai ba, sai a fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, a zura ta baki. Idan likita ya hango jijiyar da ke tsiyaya, sai ya yi wa wurin allurar adirenalin, maganin da ke tsuke jijiyoyin jini, sannan ya ƙona bakinta ko ya matse shi da ɗan ƙarfe.

Sai dai jini kawai na'urar take tsayarwa. Galibin gyambon nan aikin ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ne, wadda Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka sami kyautar Nobel a kanta a 2005, kuma ba ta mutuwa sai an sha haɗin magunguna na kwana 14 ba fashi. A nan ne mutanenmu ke yin sake: da zarar zafin ya lafa sai su ajiye sauran a kan taga. A kuma raba Baba da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saye a kemis bayan wahalar gona, domin suna ƙara ɓarke gyambon.

Tambaya: Ɗana yana mako na uku da taifod, sai ga jini a bayan gidansa. Shi ma bututun ne? Daga wata uwa a Sumaila.

Amsa: Hajiya, a kai shi asibiti yau. Taifod kan yi gyambo a ƙarshen ƙaramin hanji. Sau da yawa allurar kashe ƙwayar cutar da ƙarin jini sun wadatar. Idan zubar ta ƙi tsayawa, ta dubura ake zura na'urar. Idan cikin ya ƙage kamar katako, mai yiwuwa hanjin ya huje, wannan kuwa sai tiyata.

Tambaya: Ina shan maganin ƙarin jini na awon ciki, bayan gidana ya yi baƙi. Daga Kazaure.

Amsa: Malama, ƙwayoyin nan sukan yi haka. Idan babu jiri, babu ɗoyi na daban, ki ci gaba da sha, ki sanar da ungozoma ranar awo.