Amsar Goggo kan sadakar arba'in ɗin Inna

Ɗiyata, na ga saƙonki. Kin ce baffanninki sun rabu biyu a kan arba'in ɗin Inna, wasu sun ce sai an yi, wasu sun ce bidi'a ce, ga kuma tsofaffin ɗalibanta suna son a kama ɗakin taro, har a buga hotonta a riguna. Kina tambaya wanne ne namu na gado.

Yadda muka taso muka tarar, zaman makoki kwana uku ne, maza a ƙofar gida bisa tabarmi, mata a ciki. Ran uku a yi sadaka, a sake ran bakwai, sai arba'in. A daka gumba, a toya waina, malamai su raba izu su sauke Alƙur'ani, almajirai su zo da ƙoƙunansu. Kuma ki tuna lokacin babu wayar hannu. Ɗan'uwan da ke Kumasi ko Fotlami, wato Njamena ta yanzu, sai ya ji sanarwa a Rediyon Kaduna, ko mai mota ya kai masa labari bayan an yi kwanaki da rufewa. Arba'in ita ce ranar da kowa ya san zai iske dangi a haɗe, sau da yawa ma a nan ake buɗe maganar gado.

Gardamar ba yau ta fara ba. Tun muna 'yan mata ake jin Malam Abubakar Gumi yana sukar abin a rediyo, da aka kafa Izala a Jos a 1978 kuwa sai maganar ta shigo har tsakar gida. Hujjarsu tana da ƙarfi: da aka kashe Ja'afar a yaƙin Mu'uta, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a dafa wa iyalansa abinci. Ke nan kwano shiga gidan mutuwa yake yi. Ni da idona na ga gidan da aka ci bashi don sadakar bakwai, marayu na zaune. Amma su ma masu son a yi ba kara zube suke ba. Sa'adu ɗan Ubada ya tambaya ko sadaka za ta amfani mahaifiyarsa da ta rasu, aka ce masa ƙwarai. Babu wanda ke musun wannan a cikin baffanninki. Abin da ya raba su kawai shi ne tsayar da rana. To, a kan rana za a ɓata zumuncin da Inna ta yi shekaru tana ɗinkewa? Wanda ya ga dama ya yi sadakarsa daga aljihunsa, kada a taɓa ko kwabo na gado, kada kuma a yi wa wanda bai zo ba gori.

Rigar nan dai ban yarda ba. Matar da ko zaure ba ta leƙawa babu mayafi, a ce fuskarta na yawo a ƙirjin samari, a shanya ta a igiya? A'a. Yabonta kam a yi. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi wa 'yan'uwanta marsiyya, ciki har da Sarkin Musulmi Bello da ya rasu a 1837, tana lissafa halayensu na kirki don na baya su ɗauka.

Ke kin san ta a matsayin kishiyarki mai tsokanarki da ƙwace miji. Mu mun san ta tun 1976, da aka fara UPE, wato shirin karatun firamare kyauta ga kowane yaro, yara suka yi wa azuzuwa yawa har tana koyarwa a gindin darbejiya. Ta dawo hannu fari fat da alli, ta ci tuwo a tsaitsaye, la'asar na yi matan aure su cika ɗakinta. Takan kama hannun matar da ta haife ta a shekaru, ta ɗora nata a kai, su ja baƙi tare har sai ya fito. In mai gida ya hana yarinya makaranta, ba ta faɗa. Goro take saye ta je ta gaida uwarsa.

Don haka ki ce wa ɗalibanta kuɗin ɗakin taro da na riguna su haɗa su biya wa 'yan mata marayu kuɗin jarrabawar NECO, in da saura a gyara famfon makarantar. Karatun la'asar kuwa ya tsaya tun da ta kwanta ciwo, kuma cikin jikokinta ke ce mai takardar koyarwa. Rajistarta na cikin akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado, da sunayen matan duka. Ki zo ran Juma'a mu duba su wa ke nan, su wa suka tashi daga unguwar. Ki gaida mamanki da mai sunan Inna.