Tallar rediyo: wadda za ka miƙa da wadda za ka riƙe

Ka ce gidan rediyo sun ce a kawo musu tallar a MP3, kai kuma ka ga lambobin ingancin sauti a jere, 64, 128, 192, 320, ka rasa wacce za ka taɓa. Har kana tambaya ko ka ɗauki wadda ke wayarka ka sake juya ta. Kai yaro, wannan ta ƙarshen kada in sake jin ta a bakinka.

MP3 yana matse sauti ne ta hanyar zubar da abin da kunne bai cika lura da shi ba, kuma abin da ya zubar ba ya dawowa. Minti ɗaya na WAV, wato asalin sautin da ba a matse ba, sitiriyo (mai hagu da dama) a 44.1 kHz (yawan ɗibar sauti a daƙiƙa) ya kai wajen MB 10, a MP3 na 128 kuwa da ƙyar yake cika MB 1. In ka juya 128 zuwa 320, kunu ludayi ɗaya ka zuba a babbar ƙwarya, ga kuma sabuwar ɓarna da matsa ta biyu ta ƙara. Daga WAV ake fitarwa, sau ɗaya tak. In gidan rediyo sun rubuta maka lamba, ita za ka bi. In ba su rubuta ba, ba su 320, CBR (wato lambar ba ta sauyawa daga farko har ƙarshe), 44.1 kHz, sai in 48 kHz suka nema. Tallar minti ɗaya ba za ta kai MB 3 ba, to datar me kake tattali? Inda maɓallin yake kuwa ba zan gaya maka ba, kana da ido.

Lambar 64 ɗin nan da ka ambata ita ta tayar min da tsohon miki. Wata shekara, ana gab da faɗuwar damina, wani mai sayar da taki da maganin feshi a nan Bauchi ya zo min da talla. Na rubuta, na ɗauko mace da namiji masu murya, na ɗauko mai kalangu ya buga a gabana, ban tsinto kiɗa a intanet ba kamar yadda ku yaran yanzu kuke yi. Duk na sallame su daga aljihuna, domin rabin kuɗi kawai ya bayar. Da aiki ya kammala sai ya ce in tura masa ya ji, da abokan shawararsa, gobe ya kawo ciko. Na fitar masa da samfur a 64, mono (hagu da dama a haɗe wuri ɗaya), da gangan, don ya ji kalmomin kaɗai, na kuma faɗa masa da bakina cewa wannan ba ta sakawa ba ce.

Gobe ta yi, shiru. Waya ba ya ɗauka. Ina zaune wajen mai shayi a Wunti sai na ji tallata a rediyo. Wallahi sai da na ajiye kofin. Duk inda matar ta ce "shuka" ko "feshi" sai ka ji tsaki, kalangun kuma ya dagule, ba ka bambance bugu da bugu. Injin gidan rediyo yana ɗaga ƙananan sautuka kafin ya watsa, saboda haka duk aibin da ka ɓoye shi yake fara tona maka. Ga muryata a ƙarshe tana faɗin adireshin shago, kuma a garin nan wa bai san muryata ba? Tun ana aiki da manhajar gyaran sauti ta Cool Edit, kafin Adobe su saye shi a 2003 ya koma Audition, nake gina sunan nan. Wani mai makarantar kuɗi da muka riga muka yi ciniki ya ji, ya janye aikinsa, bai ko tsaya ya ji bayani ba.

Da na sami mai takin a shagonsa, gaban mutane ya ce min: "Malam, kowa ya ji aikin bai yi kyau ba, wane ciko kuma?" Shi ya saci samfur, shi kuma ya kafa hujja da munin samfurin. Har yau bai biya ba, ni kuma ban yafe ba.

Tun daga nan samfurina ba ya fita sai da muryata a kansa tana cewa "samfur" duk bayan 'yan daƙiƙoƙi. Ta gaskiyar ni nake kai ta gidan rediyo a filas, ko in tura wa mai ɗora talla a WhatsApp a matsayin dokumen, bayan ciko ya shigo.

Kafin ka fitar, kada ƙarar ta wuce -1 dB a ma'aunin ƙara, domin matsawar kan ɗan ɗaga kan sauti har ya fashe. Ku kuna son ganin jar fitilar ma'aunin, kuna ce mata ƙarfi. Ka haɗe ta mono ka saurara, don manomin da ake yi wa tallar da ƙaramar rediyo mai sifika ɗaya yake ji. In sun ce daƙiƙa 60, tsaya a 59 da rabi, in ba haka ba lambar wayar mai talla za a datse. WAV ɗin kuma ba ya barin kwamfutar da aka yi aikin da ita. In mai talla yana son sa, kuɗinsa daban.