Shin yaƙin da muke bugawa a waya zai taɓa fitowa fili?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Mabera cikin garin Sakkwato. Kusan kullum bayan Isha'i ni da abokaina muna buga PUBG da Free Fire a waya. Rannan gardama ta kaure tsakaninmu. Wani ya ce nan da 'yan shekaru za a ƙera na'urar da za ta fito da yaƙin fili, mu je filin wasa na Giginya mu ga abokan gaba tsaye a gabanmu, mu yi ta harbi, wanda aka samu ya ji a jikinsa amma ba abin da zai same shi. Wani ya ce tatsuniya ce kawai. Don Allah wa ke da gaskiya, kuma abin zai iso mana nan?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokinka na farko ya fi kusa da gaskiya, domin rabin abin da ya faɗa ana yinsa yanzu haka a wasu ƙasashe. Inda ya yi gaggawa wuri biyu ne: filin Giginya da rana tsaka, da kuma jin duka a jiki. Masu ƙira sun riga sun iya ruɗar ido da kunne. Jiki ne har yau ya ƙi ruɗuwa.

Mu fara da ido. Hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce a rufe maka idanu ruf da wata na'ura mai allo a ciki, ka daina ganin ɗakin da kake, ka koma ganin duniyar wasan kaɗai. Ita ake kira VR. Ta biyu, wadda ake kira AR, ita ce a bar ka kana ganin wurin da kake tsaye, sai a ɗora hoton abokin gaba ko dodo a kansa. Abin da abokinka yake mafarki shi ne na biyun. Tunanin ya daɗe: tun 1968 wani masani a Amurka, Ivan Sutherland, ya haɗa irin wannan na'ura, kuma saboda girman kayanta sai da aka rataye ta a rufin ɗaki. Jama'a ba su ɗanɗana abin sosai ba sai a 2016, lokacin da kamfanin Niantic ya fitar da Pokémon Go, mutane suka cika tituna suna ɗaga waya suna farautar halittun da kyamara ke nuna musu a bakin hanya.

Amma wanda ya fi kama da abin da kuke gardama a kai wani wasa ne da aka ƙirƙiro a Japan mai suna HADO. Fili ne ɗan ƙarami a cikin ɗaki, mita 10 a tsawo, 6 a faɗi. Mutum uku suna fuskantar mutum uku. Kowa ya sa na'ura a fuska, ya ɗaura wata a hannu. In ka miƙa hannu gaba da sauri, ƙwallon haske zai fita daga tafinka ya nufi abokin karawarka, shi kuma ya goce ko ya ɗaga hannu garkuwa ta tashi a gabansa. Daƙiƙa 80 ake yi a tashi, amma za ka ga 'yan wasa sharkaf da gumi, domin da ƙafarsu suke gudu, da ƙugunsu suke kaucewa. Wanda ke tsaye a gefe ba na'ura a fuskarsa kuwa ba abin da zai gani sai matasa shida suna ta wurga hannu cikin iska, sai dai ya kalli allon da aka kafa wa 'yan kallo. A Melbourne ta Ostireliya ma, tun 2015 kamfanin Zero Latency ya buɗe wani babban ɗaki inda 'yan wasa ke yawo da ƙafa suna riƙe da bindigar roba, idanunsu a rufe cikin duniyar wasan.

Ka lura duk waɗannan sai da wani abu a fuska ko waya a hannu. Hoton mutum da zai tsaya a tsakiyar fili kowa ya gan shi da ido tsirara, irin na finafinai, babu shi. Haske ba ya tsayawa a iska, sai ya daki wani abu sannan ya dawo cikin ido. Abin da ake nunawa a manyan taruka a ce hoto ne a iska, yawanci gilashi ne ko leda mai sheƙi da aka karkata, dabarar da ake yi a gidajen wasa na Ingila tun shekarun 1860.

To me ya sa na ce ba a Giginya da rana ba? Nan ne nake so ku fahimci yadda na'urar ke aiki. Kafin ta zana maka abokin gaba a bayan wani bango, dole ta san inda kanka yake da inda ya juya, ta san inda bangon yake, ta ɓoye rabin jikin abokin gaban da bangon ya kare. Tana yin haka ne da ƙananan kyamarori da ke kama kusurwar ƙofa, layin siminti, zanen tabarma, duk wani abu mai alama, tana auna yadda suke motsi yayin da kake motsi. Tana sake zana hoton wajen sau 90 a kowace daƙiƙa. Tsakanin juya kanka da sauyawar hoton kuma bai kamata ya wuce kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. In ya wuce, ido zai ce wa ƙwaƙwalwa kaza, cikin kunne da ke kula da daidaiton jiki ya ce mata akasin haka, sai jiri da tashin zuciya. Sojojin Amurka sun gamu da wannan: a 2021 suka ƙulla yarjejeniya da Microsoft ta kusan dala biliyan 22 don irin wannan tabarau, amma a gwaji sojoji da dama suka yi ta kukan ciwon kai da tashin zuciya.

Yanzu kawo wannan na'ura Sakkwato a watan Afrilu. Fili fetal ba alamar da kyamara za ta kama. GPS na waya kuwa yakan yi kuskuren mita biyar ko fiye, wanda ya isa a nuna maka unguwa amma bai isa a raba gardamar wa ya harbi wa ba. Sai rana. A ma'aunin haske da ake kira lux, hasken ɗaki mai fitila yana tsakanin 300 zuwa 500, na rana tsaka yana kai 100,000. Tabarau mai gilashi garau ba ya iya zana baƙi, haske kawai yake ƙarawa a kan abin da kake gani, don haka abokin gabanka zai dushe ya zama inuwa-inuwa. Fito da wayarka da azahar ka dubi allonta, za ka ga farkon matsalar. Kamfanin Meta mai ƙera na'urar VR ma ya gargaɗi masu na'urarsa kada rana ta faɗa kan gilasanta na ciki, domin suna tattara hasken su ƙona allon. Ga zafi: Apple ya ce wayoyinsa an yi su ne su yi aiki daga digiri 0 zuwa 35, mu kuwa a bazara muna haura 40. Hunturu ya zo, ƙura ta lulluɓe kyamarorin. Duk wanda ya taɓa buga PUBG wayarsa ta ɗau zafi hoton ya fara sarƙewa ya san abin da nake nufi, sai dai wannan karon abin a manne yake da goshinsa.

Akwai kuma nisa. A wayar gilashi da intanet ke bi, saƙo yana tafiyar kilomita 200 a kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. In babbar kwamfutar da ke riƙe da wasan tana Turai, saƙonka zai gangara Legas, ya bi ƙarƙashin teku dubban kilomita, ya dawo. Kafin a ƙara jinkirin turakun sadarwa ma an riga an ninka wancan kashi 20 ɗin sau uku ko huɗu. Wannan ba laifin data ba ne, kuma 5G da ta fara aiki a Nijeriya a 2022 ba za ta gajarta teku ba. Maganinsa shi ne kwamfutar ta kasance a ginin da ake wasan, ko a cikin na'urar kanta. Wannan ɓangaren, a ganina, mai sauƙi ne.

Mai wuyar shi ne jiki. Akwai riguna na wasa. Kamfanin bHaptics na Koriya ta Kudu ya ƙera wata mai ƙananan injina har 40 da ke girgiza a daidai inda harsashin wasan ya same ka. Wani kamfani a Sifaniya, OWO, yana amfani da 'yar wutar lantarki da ke sa tsoka ta tsuke. Waɗannan suna gaya wa fata cewa an taɓa ta. Amma je ka kalli dambe: lokacin da ɗan dambe ya kai hannu ya samu ƙirjin abokin karawarsa, hannun tsayawa yake cak, nauyin dukan ya koma masa har kafaɗa, wancan kuma ya yi baya. A wasan na'ura in ka kai sara da takobi aka tare da garkuwa, idonka zai ga takobin ya tsaya, hannunka kuwa ya wuce fuu, domin ba komai a wurin sai iska. In ka jingina da bangon da ka ɓuya a bayansa, ƙasa za ka sha. Kafin a tsayar da hannun mutum, dole a sa masa wani ƙarfe mai inji da ya fi shi ƙarfi, kuma injin da zai iya tsayar da hannunka zai iya karya shi ranar da lissafinsa ya kuskure. Shi ya sa ba na ganin za a warware wannan nan kusa, kuma ko an warware, ba na so in ga an saka wa yara shi.

Wasu za su ce ai sai a bi ta ƙwaƙwalwa kai tsaye. A Janairun 2024 kamfanin Neuralink ya dasa wata 'yar na'ura a kan wani mutum da jikinsa ya shanye, har ya iya buga dara ta Turawa a kwamfuta da tunani kawai. Babbar rahama ce ga marasa lafiya. Amma karanta niyyar motsi daban, rubuta wa ƙwaƙwalwa cikakken gani da ji da nauyi daban, kuma sai an buɗe ƙoƙon kai. Ba likitan kirki da zai yi wa mai lafiya wannan don ya buga gem.

Wata hanyar da abokinka bai ambata ba ita ce a bar mutum a gefe, ƙarfe ya ci dukan. Kamfanin DJI a Shenzhen ta ƙasar Sin yana shirya wa ɗaliban jami'a gasar RoboMaster, inda motocin da suka haɗa da hannunsu ke harbin juna da ƙananan ƙwallaye, su kuma suna zaune a gaban allo suna tuƙi. A Mayun 2025 an yi damben mutum-mutumi na kamfanin Unitree a birnin Hangzhou, mutane na sarrafa su daga gefe. Sai dai nan ne zuciyata ke yin nauyi, domin ta wannan ƙofar yaƙin wasa ya riga ya fito fili, kuma ba da wasa ba. A yaƙin Rasha da Yukren, matasa suna sa tabarau irin na masu tseren jirage marasa matuƙi, suna riƙe da abin sarrafawa mai kama da na gem, suna kai bam kan mutane na gaske. Mu da muke jin abin da 'yan'uwanmu na Sabon Birni da Isa ke sha a hannun 'yan bindiga ba ma buƙatar a yi mana bayanin bambancin.

Don haka ina roƙonka da abokanka: ko wace na'ura ta iso, kada wani ya fita titi da abin da ya yi kama da bindiga, ko ta roba ce, balle da dare. Jami'in tsaro ko ɗan sintiri da ya hango ku ba ya ganin abin da ke cikin tabaraunku. Kada kuma a tashi jirgi maras matuƙi ba tare da izinin hukuma ba, dokar Nijeriya ta hana. Sannan wuri ma yana da haƙƙi. A 2016 sai da masu kula da wurin tunawa da waɗanda bam ya kashe a Hiroshima suka nemi a cire wurinsu daga Pokémon Go. Kamfanin da ke wata nahiya bai san Hubbaren Shehu ba, bai san maƙabarta ko harabar masallaci ba, taswira kawai yake gani. Mu ne za mu ce nan ba wurin wasa ba ne.

Game da ko zai iso mana, zai iso, amma a rufaffen ɗaki. Abin da ya fi kusa shi ne wasan harbin haske, wanda sojojin Amurka ke atisaye da irinsa tun wajen 1980, aka kuma buɗe wa jama'a gidan yinsa a Dallas a 1984: riga mai na'urar jin haske, abin harbi da ba ya fitar da komai sai hasken da ido ba ya gani, da allo mai ƙirga maki. Ba ya buƙatar intanet, sola da batir sun ishe shi. Bayansa sai irin HADO. Kuɗin ne zai sa a fara da haya maimakon kowa ya sayi nasa: tabaraun Meta Quest 3 ya fito a 2023 a kan dala 499, cajinsa kuma awa biyu ne da 'yan mintoci, Apple Vision Pro kuwa ya fito a 2024 a kan dala 3,499. Yadda ake biya a buga ƙwallo a shagon gem, haka za a riƙa biya a shiga zagaye ɗaya.

Tunda ɗalibi ne kai, ga abin da zan so ka gwada. Manhajar haɗa wasanni ta Godot kyauta ce, takwararta Unity ma tana da ta masu koyo, kuma wayoyin Android da yawa suna ɗauke da ARCore na Google, wanda ke gane ƙasa da bango ta kyamara. Da kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi za ka iya sa wani abu ya tsaya a kan tabarmar ɗakinku, ka zagaya shi da waya kana kallonsa ta kowane gefe. Fara da wannan. In ya zauna daram bai zame ba, sai ka kira abokin naka da ya ce tatsuniya ce, ku haɗa wayoyi biyu a kan Wi-Fi ɗaya, ku ga ko za ku iya sa dukkanku ku gan shi a wuri guda.